Gagara-Kuskure da Kajin Bayan Kogi

Duniya ta ga masana iri-iri, amma sau ɗaya ta ga Gagara-Kuskure, kuma ɗayan ma ya ishe ta. Shi ne shugaban Sashen Ƙididdiga a wata hukuma da ke raba wa gidajen karkara 'yan tsaki don su yi kiwo. Ma'aikata ne suka raɗa masa sunan, ranar da ya miƙe a taron safe ya ce shi kuskure daga nesa yake hango shi a wajen wasu, kamar gobarar wata unguwa. Da sunan ya kai kunnensa bai yi fushi ba. Cewa ya yi ashe dai yaran nan suna da ido.

A teburinsa akwai allon kwamfuta guda biyu. Ɗaya yana kallonsa, ɗayan kuma ya juya shi yana kallon ƙofa, cike da rubutu kala-kala na yaren nan da masu ƙididdiga ke ba wa kwamfuta umarni da shi. Duk wanda ya shigo sai ya fara gaisawa da rubutun kafin ya gaisa da mai ofishin. Yakan ce yaren ya zauna masa a baki har da shi yake mafarki. Ba a taɓa jin ya faɗi abin da ya gani a mafarkin ba. Ba a kuma taɓa ganin yatsansa a kan wani maɓalli ba, in ban da babban nan na gefen dama da ake dannawa in an gama rubuta komai.

Mai rubuta koman shi ne mataimakinsa, wani dattijo mai ciwon baya da ake kira To-Madalla, domin duk abin da aka ce masa, daidai ko karkatacce, amsarsa ke nan. A da yana gardama. Shekaru sun koya masa cewa gardama ba ta rage aiki, sai dai ta ƙara masa tsawo.

To, a hawa na sama akwai ofishin Darakta, kuma babu kowa a ciki tun da mai shi ya yi ritaya. Yana da taga biyu, da na'urar sanyaya ɗaki mai aiki, da kujera mai juyawa. Gagara-Kuskure ya riga ya hau ya auna tagogin da igiya, saboda labule. Abin da ya rage kawai shi ne taron ƙarshen shekara, inda Shugabar hukuma za ta zo da baƙi masu ba da tallafi, a nuna musu yadda kajin da aka raba suka hayayyafa. Kowa ya sani, wanda ya burge baƙin nan shi zai hau bene.

Ana saura 'yan kwanaki, ya tara sashen a bayansa don su ga yadda ake aiki. To-Madalla ya gama rubuta umarnin, ya matsa gefe. Gagara-Kuskure ya naɗe hannun riga, ya ɗaga yatsa sama, ya sauke shi a kan babban maɓalli.

Jan rubutu ya fito. Kwamfuta ta ce ba ta ga fayil ɗin ba.

Ya sake dannawa da ƙarfi, domin a iliminsa kwamfuta kamar ƙofa ce mai tsatsa. Jan rubutu ya sake fitowa. Ya kashe ta ya kunna. Ya zargi wutar lantarki. Daga nan ya juyo a hankali, ya bi fuskokin ma'aikata ɗaya bayan ɗaya.

"An yi mana kutse," in ji shi. "Na daɗe da sanin akwai masu baƙin ciki da ci gaban wannan sashe. A kira mai gadi, kada kowa ya fita."

Sai da mai gadi ya zo ya tsaya a bakin ƙofa da sandarsa, sannan aka gano cewa jiya da yamma wani ya sauya wa fayil ɗin suna, ya ƙara masa cikakken sunan shugaban sashe da dukan digirorinsa. Kwamfuta kuwa tsohon sunan take nema. To-Madalla ya gyara.

"Na sani," in ji Gagara-Kuskure. "Gwada ku nake yi. Kun daɗe kafin ku gano."

"To, madalla, Yallaɓai."

Aka sake dannawa, zane ya fito: ginshiƙai a jere, kowane ƙauye da nasa, tsawon ginshiƙi gwargwadon kajin da gida guda ke da su a matsakaici. Sai dai sunayen ƙauyukan da ke ƙasa sun hau kan juna, sun cuɗe kamar sawun kaji a laka. Gagara-Kuskure ya ba da shawarar a rubuta wa ƙauyukan takarda su rage tsawon sunayensu. Kafin ya gama tsara takardar a baki, To-Madalla ya ɗan kishingiɗar da sunayen, kowanne ya samu wurin miƙe ƙafa. Launi ne ya ci sauran yinin. An gwada shuɗi ya ce na makoki ne, an gwada kore ya ce na kowa ne. A ƙarshe ya cire hularsa ya kanga a jikin allo, aka yi ta juya lambobi har ginshiƙai suka yi kalarta.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya hana shi sakat wani ɗan layi ne da ke fitowa a ƙarƙashin zanen duk lokacin da aka danna. Gargaɗi ne. Kwamfuta na cewa ta tsallake wasu gidaje, domin gurbin da ya kamata a rubuta yawan kajinsu babu komai a ciki.

Gaskiya ta faɗa. Masu zagayen ƙirga sukan tarar da gida a kulle, su bar gurbin haka. Wanda aka tura ƙauyen bayan kogi ma bai ƙetara ba. Ya tarar ruwa ya cika, ya zauna a inuwa a wannan gaɓar, ya tambayi mutum biyu da suka fito daga kwalekwale, ya bar guraben sauran gidajen fayau, ya dawo ya ce ya gaji.

Amma Gagara-Kuskure ba gurbi ya gani ba, raini ya gani.

"Gargaɗi? Ni take yi wa gargaɗi? Wa ya ba ta izinin tsallake gida a sashena? Ni da na fara aikin nan tun ana yin sa da fensir! A zamaninmu ba a barin gurbi. Gurbi alamar lalaci ce. In ba a samu amsa ba, tara uku ake jerawa, 999, kowane ƙwararre a duniya ya san wannan. A cike su duka."

Nan ma akwai ƙamshin gaskiya. Haka ake yi a zamanin takarda, kuma har yau akwai masu yi. Sai dai wanda ya jera tara uku yakan koma ya shaida wa kwamfuta cewa wannan ba adadi ba ne, alama ce ta babu amsa. In ba a gaya mata ba, ita ba ta da kawu a ƙauye da zai gaya mata gaskiya. Abin da aka ba ta shi take tarawa ta raba.

To-Madalla ya buɗe baki. "Yallaɓai, in aka sa haka, ita za ta ɗauka..."

"Ni zan ɗauka, ba ita ba. Ka ga ta taɓa zuwa kwas?"

To-Madalla ya dubi agogo, ya dubi bayansa da ke masa zogi, ya faɗi sunansa, ya cike guraben.

Aka danna. Gargaɗi ya ɓace. Allon ya yi tsit kamar ɗan aikin da aka tsawata wa. Ginshiƙai kuwa duk suka ƙara tsawo, na bayan kogi ya tashi ya kusa fasa saman allo, sauran suka koma kamar 'ya'yansa. Gagara-Kuskure ya daɗe yana kallonsa, idonsa ya kawo ruwa.

"Kun gani? Da na bi ta kwamfuta, da an binne wannan nasara."

A gida ya yi gwajin jawabinsa a tsakar gida, matarsa na tankaɗe, 'ya'yansa mata biyu an zaunar da su a matsayin baƙi. Da ya zo kan bayan kogi, inda gida guda ke da kaji wajen ɗari tara, matar ta ajiye rariya.

"Ɗari tara, Baban yara? Daga 'yan tsakin nan da kuke rabawa a kwali?"

"Alƙaluma ba sa ƙarya."

"To ni me na yi maka? Kana raba wa mutanen duniya arziki, gidanka ko ƙwai sai an saya. Wallahi ka samo min irin nasu."

Ya yi alkawari, irin na mai jiran kujera. Ita kuwa ba ta ɗauke shi da wasa ba. Washegari ta kira kafinta, ya kafa mata akurki a bayan ɗakin girki, dogo mai hawa uku, da ƙofa da 'yar taga.

Ranar taro ya sa hular da ta yi kala da ginshiƙai. Shugaba na zaune a tsakiya, baƙi a damanta, To-Madalla a can ƙarshen ɗaki kusa da soket ɗin lantarki, yana danna abin da aka ce ya danna. Gagara-Kuskure ya fara da tarihin ƙididdiga, ya biyo ta tarihin kansa, wanda ya fi tsawo. Sannan zane ya haska bango.

Wata baƙuwa mai farin gashi ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ta ce ta yi shekaru tana yawon ƙasashe kan harkar kiwo, ba ta taɓa ganin irin wannan ba. Ta tambaya ko an tabbatar da adadin.

"Ranki ya daɗe," in ji shi, yana dafa ƙirji, "wannan adadi da hannuna na sa shi. Ita kanta kwamfutar ta so ta ɓoye shi, na hana ta."

Aka yi tafi. Baƙuwar ta ce lallai sai ta ga wannan ƙauye da idonta, ta ji sirrin mutanensa, a kai wa sauran duniya. Shugaba ta ce gobe ma kuwa, kuma wa ya fi cancanta ya ja tawaga in ba mai aikin ba? Gagara-Kuskure ya rusuna. A ransa yana zaɓen labule.

Sun ƙetare a kwalekwale, shi a gaba, yana riƙe da zanen da aka buga a babbar takarda. Tun daga tsakiyar ruwa baƙuwar take kasa kunne. Ƙauyen da ke da kaji dubbai ya kamata a ji shi kafin a gan shi, a kuma shaƙe shi kafin a ji shi. Babu abin da ke tashi sai kukan wani jaki.

Mai gari ya tarbe su da murna, ya ce tun da aka kawo kwalayen 'yan tsaki bara ba su sake ganin mutumin hukuma ba. Aka tambaye shi kaji. Ya ce alhamdu lillahi, akwai. Wani gida biyar, wani uku, wasu kuma shaho ya yi musu gaba da su. Ya aika aka kamo wata jar kaza mai ɗingishi, ya miƙa wa babban baƙo da hannu biyu, ya ce a yi haƙuri, ba yawa.

Gagara-Kuskure ya tsaya da takarda a hannu ɗaya, kaza a ɗaya. Ya buɗe takardar ya nuna wa mai gari ginshiƙin garinsu, ko zai tuna. Mai gari ya yaba kalar, ya ce ta yi daidai da hular.

"Sun ɓoye su ne," in ji Gagara-Kuskure, da ya juyo wajen baƙi. "Mutanen karkara ba sa son a san dukiyarsu. Wannan ma wani bincike ne da na daɗe ina..."

"To sai ka zauna ka nemo su," in ji Shugaba. Ba ta ɗaga murya ba. "Gida-gida, da fensir, tunda ka ce da shi ka fara. Kada ka bar gurbi."

Ya yi sati a bayan kogi yana leƙa akurkin mutane. A ofis To-Madalla ya goge tara-taran, ɗan gargaɗin ya dawo wurinsa a ƙarƙashin zane. Ofishin sama kuwa aka ba wa shugabar sashen sufuri, wadda ta tarar da igiyar awo a kan taga ta ɗaure fayiloli da ita.

Jar kazar ce kaɗai ribar tafiyar. Matarsa ta karɓe ta, ta saka ta a akurkin nan mai hawa uku. Kazar ta duba ƙasa, ta duba tsakiya, ta ɗingisa ta haye can sama kusa da taga ta kwanta. Tun ranar 'yan matan gidan suke kiran ta Darakta.

Da safe, in Gagara-Kuskure zai fita aiki, ta gabanta yake wucewa.