Zoben Tsohon Mahauci

"Lafiya lau, angona. Ya jikin?"

"Jiki ya yi ƙaura, amarya, ya bar ni gadin ƙashi. Ina aikena?"

Jikar ta ajiye kwanon romon naman da ya aike ta ta sayo. Kakan nata tsohon mahauci ne, da can sai ya karkata yake shiga ƙofar ɗakin nan. Yanzu ciwo ya cinye shi, asibiti ma sun sallamo shi ba don ya warke ba. Ita kuwa da gangan take horar da kanta da yunwa, har ta faɗi a shagon ɗinki shekaranjiya.

"Mene ne wancan a jakarki?"

"Shayin rage ƙiba ne, sa-ido."

"Kuɗi kika ba da a rage ki? Ni kyauta aka yi mini! Ido ba mudu ba, amma ya san kima. Da akuya ce ke, ko tayi ba zan yi ba."

"Gwano ba ya jin warin jikinsa. Kai da iska za ta ɗauka in na buɗe taga?"

"Ni likita ya san sunan ciwona. Naki fa? Madubi?"

"Ƙawayena ne ke ce mini randa."

"To, ni na sake ki. Ban auri tsintsiya ba."

"Wa zai kwashe ka? Ko kare ya shinshina ka, gaba zai yi."

Ya ɗaga hannu zai rama, sai zoben azurfarsa ya zame, ya gangara ƙarƙashin gado. Zoben da tun tana yarinya suke ja da sabulu ya ƙi fita. Ta durƙusa nema, ta daɗe a can, don ba ta so ya ga idonta. Tsoro ne ya kama ta sosai. Da ta samo zoben, ta miƙa masa.

"Riƙe, sadakinki ne, na mai da ke," in ji shi. "Sa mu gani."

Ta sa, ya yi mata yawa.

"Ci abinci har ya zauna. Kada a haƙa kabari biyu a gidan nan."

"Ka ci ni, tsoho," ta ce da dariyar dole. "Amma cokali ɗaya ni, ɗaya kai."

Ta sha nata, ta miƙa masa. Ya kalli cokalin, ya girgiza kai.

"Ba ya wucewa, amarya. Sha mini nawa."

Ta shanye kwanon tas, tana kuka.