Lambar da Ke Ƙasan Roba

Jiya ban ci abincin rana ba, kuma bin doka ne ya jawo mini. Na ga gara in yi bayani da kaina, don wanda ya ga tabon miya a wandona kada ya zargi maiɗakina da ƙyuyar wanki.

Shagon ɗinkina yana tsakanin na mai walda da na mai aski. A bakin layinmu akwai Inna mai abinci, wadda ta fi shekara ashirin tana ciyar da mu. Ƙarfe ɗaya na yi za ta zuba maka shinkafa da miya a roba mai murfi, ka ci, ka mayar mata. To, makon jiya rediyo ta ce manyanmu, Allah ya ƙara musu lafiya da man mota, sun gano cewa zafin abinci kan narko wani abu daga jikin roba ya bi mutum ciki. Don haka daga yanzu sai robar da ke da lamba a ƙasanta. Wace lamba? Daidai nan aka katse aka shiga tallan sabulu.

Sai muka yi wa kanmu fassara. Mai walda ya ce lambar yawan cin da za a yi a robar ce, in biyar ce ka ci sau biyar ka yar.

Mai aski ya ce, “Kai dai tsaya kan ƙarfenka. Matsayi ne. Lamba ɗaya ta manya ce, bakwai ita ce tamu.”

Jiya ina shirin kai loma ta farko sai ga motoci uku. Mai Girma Babban Jami'in Leƙa Ƙasan Roba ya sauko da mutum biyar, ɗaya riƙe da buhu, ɗaya riƙe da littafi, sauran ukun riƙe da hannayensu a baya. Ni ya fara tunkara.

“Malam tela, mu ga lambar robarka.”

Ni kuwa mutum ne mai gaggawar biyayya. Nan take na kife robar, na manta ban danne murfin ba. Rabin shinkafar ya sauka a cinyata, rabi a kan takalminsa mai sheƙi. Muka sunkuya tare muna leƙa ƙasan robar, sumul, ko ɗigo babu.

Inna ta taso tana goge hannu. “Ranka ya daɗe, da akwai lambar. Wanki ne ya cinye ta. Sau biyu nake dirza su kullum.”

Mai littafi ya rubuta, ina jin tsabta ya rubuta a matsayin laifinta. Mai buhu ya bi robobinta ɗaya bayan ɗaya ya kwashe. Kowa a layin ya san abin da hakan ke nufi: ba roba, ba inda za ta zuba, gobe ba sana'a. Amma ba wannan ta fara tambaya ba. Ta rage murya ta ce, “Ɗana, faɗa mini gaskiya. Duk shekarun nan guba nake ba mutanen nan?”

Mai Girma ya ce kwamiti zai zauna a kan wannan.

“To wace lamba zan saya?”

Ya ce ita ma tana cikin abin da za a zauna a kai.

Gaskiya raina ya ɓaci. Na yarda roba na iya cutarwa, kuma na gode da aka damu da hanjina. Amma a ce an ƙona man mota uku an zo an tsorata tsohuwa, sannan amsar tambayarta tana can tana jiran a gyara kujerun taro?

Ana cikin haka iska ta kwaso ƙamshin miya. Na ga maƙogwaron Mai Girma ya motsa. Ya dubi agogo, ya ce, “Inna, ƙulla mana guda shida a leda mu tafi da shi.”

Inna ta zaro leda guda, ta juya ta, ta ɗaga ta saitin rana, ta leƙa ƙasanta a tsanake.

“Ɗana, wannan ma ba lamba. Ba zan karya dokarka a gabanka ba.” Ta mayar da murfin tukunya ta zauna.

Har mai walda ya kashe injinsa don kada wani abu ya wuce shi. Mai Girma ya dubi tukunya, ya dubi buhu, ya sake duban tukunya. Can ya yi gyaran murya ya ce a kwance buhun, akwai buƙatar gwaji. Su shida suka jeru a benci suka yi gwaji a cikin robobin da suka kama, mai littafi har da neman ƙari. Da suka gama Inna ta tattara kayanta ta kai wurin wanki. Buhun ya koma mota a naɗe. Da na je a sake zuba mini, gwaji ya cinye tukunya.

Da yamma na ba 'yata labari, ma'aikaciyar jinya ce. Tana yanka albasa ta ce, “Baba, abin ba wuya. Kada a zuba mai zafi a leda ko bokitin fenti, robar da ta karce a canza ta, in da hali a koma kwanon ƙarfe.” Ko wuƙar ba ta ajiye ba. Na kai wa Inna saƙon yadda yake, har da batun karcewar, duk da na san ba zai yi mata daɗi ba.

Yau da rana a kwanukan silba ta zuba mana, ta aro su daga gidajen 'ya'yanta. Ta ce ba don masu mota ta yi ba, don mu ne. Mai aski ya kifa nasa yana neman matsayinsa, bai samu ba.

Kwamiti dai muna yi masa fatan zama lafiya. Ni kuma na ɗauki darasina: duk ranar da aka sake cewa in bi doka, sai na danne murfi tukuna.