Guguwar Azahar da La'asar

Wata uku na yi a Lyon ina auna hargitsin iska bisa wani dogon kwamin ruwa da muka mayar teku a ɗakin bincike. Na'urar da nake awon da ita tana jin ko motsin fiffiken ƙuda. Sai na lura iskar takan haukace sau biyu a yini, lokacin kuma yana bin tafiyar rana. Na ce shi ke nan, na gano abin da ya gagari Turawa.

Na saka kwat, na tafi Paris, na baje sakamakona gaban masana. Wasu har suna rubutu.

Sai Malam Isufu, wani dattijon injiniya ɗan Maraɗi, ya ɗaga hannu a hankali.

"Ƙanena, wannan ai lokutan Azahar da La'asar ne. A ina kake salla?"

A bayan na'urar nake yi. Kuma tun ina yaro a Damagaram ban taɓa shimfiɗa darduma ban kakkaɓe ta sau uku ba.

Har yau in na ɗauko darduma a gidan 'yan'uwa a Montreuil, gefen Paris, sai wani ya ce, "Jama'a, a riƙe huluna, teku zai tashi."