Gumurzun Nomau da Harsashin da Ya Ƙi Tsayawa

A kasa kunne, ya ku ma'abota hankali, a ji tarihin Nomau ɗan Jatau, Jatau ɗan Arzika Soja, Arzikan da ya tafi yaƙin Turawa da ƙafa biyu ya dawo da ƙafa biyu da bindiga ɗaya, shi kuma ɗan Barmo Kashe-Ɓauna, wanda har yau malaman tarihi ba su daidaita ba ko ɓauna ya kashe ko saniyar maƙwabcinsa. Daga wannan tsatso mai alfarma gwarzonmu ya fito, sadaukin Tungar Ƙirya, dodon zomaye, annobar fakara, wanda kurege ke jin tarinsa ya bar gonar gyaɗa ba sallama.

A Tungar Ƙirya ba a shiga farautar shekara sai an buɗe daji, ba a kuwa buɗe daji sai bindigar gidan Arzika ta yi magana sau ɗaya, bakinta na kallon sama, a gaban Sarkin Baka, shugaban mafarauta. In ta yi shiru ko da shekara ɗaya ce, harbin farko ya bar gidan ke nan har abada, ya koma ga na biye. Na biyen kuwa shi ne Mantau maƙeri, wanda ya shekara goma sha tara yana zuwa filin buɗe daji da bindigarsa adaka a ɗure, yana komawa da ita a ɗure, yana murmushin da Nomau ya tsana fiye da ciwon haƙori.

To, harsasan da Arzika ya zo da su sun ƙare tun Nomau bai san gemu ba. Abin da ya rage na rundunar gidan kwanso uku ne kacal, waɗanda ake sake ɗurawa duk shekara, a ɗora musu sabon kai na dalma. Nomau na ƙaunar kwanson nan ƙaunar da bai taɓa nuna wa ɗan Adam ba. Duk Juma'a sai ya goge su da toka da tsamiya, ciki da waje, ya shafe su da man kaɗanya, ya naɗe su a ƙyalle, yana yi musu kirari ƙasa-ƙasa.

Saura kwana uku a buɗe daji, da hantsi, sadauki ya shimfiɗa buzu a zaure, ya yi bisimilla, ya ɗura kwanso na farko, ya ɗora masa kai. Sannan ya danna kan da babban yatsa don ya ji ƙarfin riƙo, kamar yadda Jatau ya koya masa. Sai kan dalmar nan, maci amana, wanda bai san darajar zuriya ba, ya yi suluɓ ya nutse cikin kwanso. Wuyan kwanson ya saki, ya daina riƙe komai. Ya gwada na biyu, suluɓ. Na uku ko jiran yatsan bai yi ba.

Nomau kuwa ya san hukuncin harsashin da kansa ya nutse: in aka harba shi, bindiga na iya fashewa a fuskar mai ita. Ai da haka kawunsa Bagudu ya rasa gira ɗaya da rabin gemu, ya ƙare rayuwarsa yana juya wa mutane ɓangare guda in ana hira.

"Ni Nomau na Jatau!" ya yi kururuwa har kaji suka watse. "Dalma ce za ta kunyata gidan Arzika? Yau ko ni ko ke!"

Nan aka ɗaura ɗamarar yaƙi, aka yi gumurzun da tarihi ya kira Waƙi'ar Zaure. Jarumi ya fara da makida, ya kwaso zaren saƙar matarsa Yalwa ya naɗa wa kan dalma rawani, kan ya nutse da rawaninsa. Ya kawo ƙaro ya liƙe, kafin azahar rundunar tururuwa ta yi wa sansani ƙawanya, ta cinye ƙaron, ta haura wandon amirul jaishi Nomau ta inda ba a faɗa. Da ransa ya ɓaci ya zaro awartaki, makamin ƙare dangi, ya damƙi wuyan kwanso na farko ya matsa da ƙarfin kakanni uku, sai wuya ya tsage, kwanso ya yi shahada nan take. Na biyu kuma, a ƙoƙarin fito da kan da ya maƙale a cikinsa, ya tsaya tsakar gida yana kaɗa shi da dukan hannu, man kaɗanya ya yi aikinsa, kwanso ya suɓuce, ya keta sararin samaniya yana walƙiya, ya faɗa rijiya. Ƙarar faɗawarsa ma ba ta kai ta tsakuwa ba.

Yalwa, wadda ke tankaɗe tana kallon faɗuwar daula, ta ajiye rariya.

"Malam, ni fa tasar da na gada wajen inna, guga ce ta huda ta. Ka goge musu wuya har ya zama takarda, ka kuma bi su da mai. Da me za su riƙe? Ka kai wa Mantau na ƙarshen mana, ai aikinsa ne."

"Mantau?" in ji Nomau. "Gara in haɗiye shi da ruwa."

Amma maganar man ta shige shi, ko da yake har ya mutu ba zai ce daga bakinta ya ji ba. Ya wanke kwanso na uku da sabulu, ya shanya shi a kan danga, ya tsaya gadinsa da sanda yini guda. Washegari ya lallaɓi wuyansa da awartaki a hankali, yana ba shi haƙuri, yana tuna masa su wane ne iyayen gidansa. Ya ɗura, ya ɗora kai, ya rufe ido, ya danna. Kai ya tsaya daram.

"Nasara! Arzika, ka ji jikanka!"

Sai dai nasara ta zo da waswasi. In zai ci tuwo sai ya danna ya ji. In ya idar da salla sai ya danna. A hanyar fili ya danna sau bakwai, kai na nan a tsaye. Da ya iso gaban taro, mafarauta sun yi sahu, karnuka na ja da igiya, Mantau na gefe da adakarsa da murmushinsa, Sarkin Baka Korau na zaune kan turmi, sai zuciya ta ce da Nomau ya ƙara tabbatarwa sau ɗaya tak. Ya danna. Suluɓ.

Duniya ta yi masa duhu da rana tsaka. In ya harba, bindigar kakansa da fuskarsa ne a kan faifai. In ya yi shiru, girman gidansu ya koma maƙera, a hannunsa, a zamaninsa, kuma yatsansa ne sanadi. Tsoro ya kama shi, kunya ta fi tsoron. Ya zura harsashin a aljihu, ya rufe bindiga ba komai a cikinta, ya ɗaga bakinta sama, ya cika ƙirji da iska, ya ja kunama, ya girgiza kafaɗa da baya, ya buɗe baki iya buɗewa:

"DAAAM!"

Wata kurciya a kan ƙirya ta dube shi, ba ta tashi ba. Amma karnuka, da ba ruwansu da bincike, suka fizge igiya suka afka daji, masu karnuka suka bi karnukansu, sauran suka bi masu karnuka don kada a riga su, kafin ƙiftawar ido daji ya buɗu.

"Wallahi da baki ya yi!" Mantau ke ihu yana tsalle. "Ranka ya daɗe, da baki ya yi! Kowa ya ji!"

Kowan da ya ji ya riga ya yi nisa. Sarkin Baka kuwa ya fi shekara goma rabonsa da jin ko tsawa, da ido yake shari'a, kuma idonsa ya ga kafaɗa ta girgiza. Ya ɗaga wa Mantau hannu alamar ya gode da taya murna, sannan ya yafito Nomau. Sadauki ya durƙusa, maƙogwaro na zafi, gumi na zuba.

"Ɗan Jatau," in ji tsohon da ƙarfi, yana dafa kansa, "tun zamanin kakanka nake kallon bindigar nan, ban taɓa ganin ta yi harbi mai tsabta irin na yau ba. Ko hayaƙi babu. Baɗi ma irinsa nake so."