Ramin da Ruwa Ya Zaɓa

Jiya da safe na buɗe waya in leƙa dandalin manoman Zauro, inda 'yan'uwanmu na Argungu ke sanar da mu in kogi ya taso, sai na tarar an garƙame shi. Laifinsa? Wani ya ɗora hoton ramin da ya ɓulle a jingar da Mai Girma Uban Ayyuka ya buɗe bara da kiɗa da dafa-duka. Allah ya ja zamaninsa! Da wani ne, ramin zai toshe. Shi da yake mai hangen nesa ne, hoton ya toshe.

Ga shinkafata ta kusa yanka, ita ce abincin gidana na shekara. In ruwa na tafe, gara in kwashe ta ko ba ta gama nuna ba.

Maƙwabcina Dikko ya ce in je Badariya wurin Susanna mai gyaran waya ta haƙa mini rami. Na ce ramuka ai sun ishe mu. Ya ce, "Kai dai tahi, wanga cikin waya shike, VPN aka ce mai, shi ka kai ka inda anka garƙame."

Susanna ta ce, "Baba, iri uku ne. Na farko gudu gare shi, amma masu tsaro sun san fuskarsa. Na biyu ɓad da kama yake, sai dai tafiyar hawainiya. Na uku kyauta ne."

"Ba ni na kyauta, ɗiyata."

"Shi kuma duk wanda ka gaisar sai ya kai rahoto."

Na ce ta bar shi, muna da irinsa a unguwa.

Na zaɓi mai gudu, aka cafke shi kafin in kai unguwar Nasarawa. Sauri ya haifi nawa. Na koma ta sa mini mai ɓad da kama, ya yi ta juyi har la'asar sannan ya buɗe. Saƙon farko na Mai Girma ne, yana yaba mana da muka ƙaurace wa dandalin. Ta wane rami ya shigo? Oho. Ƙasa da shi ga muryar ɗan'uwanmu Tamba na Argungu, tun shekaranjiya: "Ruwa na nan tahe, ku yanke!"

Na garzaya Zauro a babur. Na tarar da masunta suna jefa taru a kan gonata. Wallahi sai da na yi hawaye.

Ruwa dai ya fi ni iya zaɓe, jama'a. Ramin Mai Girma ya bi: ga gudu, ga kyauta, kuma har yanzu ba wanda ya toshe shi.