Ziyarar Gani-Ya-Kori-Ji

Allah ya yi wa Babban Mai Duba Gidajen Jinyar Yara baiwa iri-iri, amma wadda ta fi burge ma'aikatansa ita ce in zai yi magana sai ya lumshe ido. Ya ce ta haka hikima take sauka. Da yake kuwa bakinsa ba ya hutawa, idanun sun samu hutu mai yawa.

Shi ya raɗa wa kansa Gani-Ya-Kori-Ji, don shi ya kafa dokar nan mai kyau: duk yaron da hukuma ta kai jinya nesa da gida, ba zai dawo ba sai shi ya gan shi da idonsa. Doka ba ta da aibi. Sai dai gidan jinyar yana can inda mota take gajiya kafin ta isa, shi kuma bayansa ba ya son gargada.

Akwai wata tsohuwa da ta mayar da bencin ƙofar ofishinsa wurin zama. Jikarta ta daina magana tun da gidansu ya ƙone, aka kai ta can. Likita ya yi waya tuni cewa yarinya ta warware, har ta ishe su da surutu. Ganin Babba kawai ya rage.

"Ranka ya daɗe, yaushe za ka je ka gan ta?"

"Iya," in ji shi, ido a rufe, "hukuma giwa ce, ba ta gudu. Sauri ya haifi nawa. Ni da kike gani, ko ƙuda ya gifta a wancan gida sai na sani."

Rannan masu ɗaukar hoto suka zo, sai ciwon bayansa ya warke. Ya fito da babbar murya yana cewa, "Shiga gaba kusa da direba, Iya, yau ki ga yadda ake aiki!" Dama ya riga ya buga wa shugaban gidan jinyar waya tun watan jiya, ya ce masa ziyarar ba-zata ce, su shirya.

Sun kuwa shirya. Bango ya sha fenti, har bishiyoyi an shafa musu. An jera yara cikin sababbin riguna, kumatu ɓul-ɓul, suna tafi. An ce wasu yaran sun yi kama da shugaban gidan, sauran kuma da mai dafa abinci. To, kama ba laifi ba ce.

Babba ya shiga aiki gadan-gadan. Ya murɗa famfo, ruwa ya zo, ya jinjina kai. Ya zauna a kan gado, ya yi tsalle kaɗan, gado bai karye ba. Ya shiga kicin ya ɗanɗana miya a madadin yara, kuma saboda tsananin kishin yara sai da ya ga ƙasan kwano. Sannan ya hau mumbari ya gyara murya.

"'Ya'yana! Ku ne manyan gobe, ni ne babban yau. Iyayenku suna nesa, amma idona yana kusa. Idona ba ya barci! Idona ba ya ƙiftawa!"

Wannan na ƙarshe gaskiya ne, rufaffen ido ba ya ƙiftawa.

Tsohuwa ta duba jerin kumatun nan ba ta ga nata ba. Sai ta bi bango a hankali har inda fenti ya ƙare. A can ta tarar da wani dogon ɗaki da aka tara masu jinyar, wai don kada hayaniyar baƙi ta dame su. Wata murya ta tashi daga lungu.

"Kaka! Kai, kin tsufa!"

"Ja'ira, da bakin ya tashi buɗewa sai ya fara da ni? Ɗauko takalminki."

Ta riƙo hannunta har gaban mumbari. "Ranka ya daɗe, ga ta."

"Iya, ba a katse hukuma," in ji shi, bai buɗe ido ba. Ya ci gaba da bayanin yadda ya tashi maraya, alhali mahaifiyarsa tana nan da ranta, jiya ma ta aike shi kasuwa.

Tsohuwa ta jira har ƙafa ta yi tsami. Da ta ga wankin hula zai kai ta dare, sai ta ja yarinya suka shiga mota, ta ɗora ta a cinya. Likita yana tsaye yana kallo. Nan take wani abu a sararin sama ya ɗauke masa hankali.

A hanya Babba ya kishingiɗa a baya, ya maimaita wa direba jawabin daga farko, ya ƙara da wuraren da ya manta. Da suka iso ya sauke tsohuwa a bakin layinsu, ya miƙa hannu ya shafa kan yarinyar.

"'Yar direba ce? Ki gode Allah, yarinya, sa'o'inki suna can kwance." Direba ya kama tari. Babba ya juya ga tsohuwa. "Jikarki kuwa, Iya, lokaci ya ƙure. Sai ziyara ta gaba. Ki ƙara haƙuri."

"Na ƙara, ranka ya daɗe."

Shugaban gidan jinya bai kai rahoto ba. Wa zai tari mai idon da ba ya barci ya ce masa an fita da yarinya a motarsa? Sauran yaran dogon ɗaki, waɗanda kakanninsu ba su samu kujerar gaba ba, suna nan suna jiran gani.

Yarinya ta koma makaranta. Kullum da safe takan bi ta gaban ofishin ta durƙusa ta gaida Babba, ya amsa da fara'a, ya ce ta gaida direba. Duk taron da aka yi kuma sai ya ambaci jikar wata tsohuwa da ke can nesa, wadda yake bin lafiyarta sau da ƙafa, ya ce tana samun sauƙi sannu a hankali. Ya yi alkawari da kansa zai je ya gan ta. Yanzu haka ciwon bayan ne ya ɗan motsa.