Rasuwar Sai-Mun-Dawo, jirgin Malam Muttaka direba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da baki da ya rasa ta cewa, iyalan Malam Muttaka direba na unguwar Kambarawa a birnin Katsina suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da tsofaffin abokan tasha rasuwar ɗan jirginsu na ruwa, mai tafiya da iska da rimot, wanda aka fi sani da Sai-Mun-Dawo. Ya rasu ranar Talatar da ta wuce bayan la'asar, a tsakiyar kududdufin masu bulo da ke bayan unguwa, a kan idon mai shi. Damina ɗaya tak ya yi a duniya.

Wanda bai san gidan ba zai ce abin wasan yara ne, me ya kai dattijo. To ga abin da ya kai shi. Malam Muttaka a kan babbar mota ya ƙare ƙuruciyarsa, yau Legas gobe Maraɗi, har ranar da shanyewar ɓarin jiki ta sauke shi. Hannun hagu ya yi sanyi, ƙafa ta koma ja, 'ya'ya suka karɓe makulli. Tun daga nan bawan Allahn nan ya shige ɗaki ya juya wa ƙofa baya. Likita ya ce ya riƙa tafiya, ya ce tafiya zuwa ina. Matarsa Hajiya Furera ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka a ɓoye, duk a banza. Sai 'yarsu Ramla, da ke aikin jinya a Legas, ta aiko da marigayin cikin kwali, ta ce in an hana Baba tuƙi a ƙasa ai ba wanda ya hana shi a ruwa.

Marigayin ya zo duniya gunduwa-gunduwa: gangar jiki dabam, doguwar sanda dabam, ƙyallaye biyu farare, da wasu zarurruka siraran da sai an ƙanƙance ido ake ganinsu. Takardar bayani kuwa ba wanda ya iya da ita. Malam ya ce shi da ya kwance injin tirela ya mayar, wannan ɗan abin ba zai gagare shi ba. Ya gagare shi. Da hannu ɗaya da haƙori yake ƙulli, zaren na suɓucewa yana tsaki, har Hajiya ta sa tabaraunta na ɗinki ta zura masa. Karon farko sun ɗaura babban ƙyallen a juye, sai da Ramla ta gani ta waya ta yi dariya har da hawaye. Da aka gama ya aika Ƙofar Ƙaura aka kira mai rubutun motoci, ya rubuta wa jirgin suna a baya, domin a cewarsa ba a fitar da abin hawa titi ba suna.

Iyali na shaidar marigayin da kyawawan halaye. Bai taɓa shan mai ba, bai taɓa hayaƙi ba, ba a taɓa tsayar da shi a shinge ba. Ba shi da yawan magana. In aka taɓa sandar rimot ta dama ya ce zii, ya kaɗa 'yar wutsiyarsa ta ƙarƙashin ruwa da yake juyawa da ita. In aka taɓa ta hagu ya ce zuuu, ya jawo ƙyalle ko ya sassauta shi. In iska ta cika shi sai a ji shaa a gefensa, shi ke nan. Yana da dunƙulen dalma a ƙasa mai hana shi kifewa, ko da yake da ita yake kwaso duk ledar da ke kududdufin. Babban alherinsa kuwa, shi kaɗai ya iya abin da likita da mata da 'ya'ya suka kasa. Kullum la'asar Malam zai ɗauki sandar dogarawa ya ja ƙafa har bakin ruwa, Hajiya na biye da jirgin a rungume, babban yatsan hagun nan da aka fid da rai da shi yana motsi a kan rimot.

Gaskiya dai sai an faɗa ko a kan mamaci: bai jin magana. Ko kuwa mai shi ne bai ji. Malam ya rantse sandar hagun totur ce, sai ya ja ta har ƙarshe yana jiran gudu, ƙyalle ya ɗaure tamau, jirgi ya kwanta gefe ya tsaya cak. Birki babu. Ribas babu. Hon babu, da baki yake korar agwagi. In jirgin ya fuskanto shi sai dama ta koma hagu, ya ce juya nan ya juya can, ya je ya dunguri ciyawa. Abin da ya fi ci masa rai shi ne iska. Tana busowa daga bayansa ta kai jirgin wancan ƙetaren cikin daɗi, amma dawowa, ina! In ya saita hancinsa sak zuwa gida sai ƙyallen ya hau fat-fat-fat, jirgi ya ja da baya yana kallonsa. Mutumin da ya saba ya taka abu ya tafi, ga shi tsaye yana roƙon iska. Kusan kullum sai wani mai wucewa ya zagaya ya ɗauko masa, shi kuwa ya karɓa yana kallon ƙasa don kunya.

A hankali ya gano da kansa cewa ba a tunkarar iska gaba da gaba. Sai dai a yanke ta a karkace, kwana nan kwana can, yadda yake hawan tudu da lodi in giya ta gaza. Ya gaya wa Hajiya cewa kafin ruwa ya janye sai ya kai jirgin nan ƙetare ya dawo da shi da hannunsa, ba wanda ya taɓa.

Rashin lafiyar ƙarshe gajeriya ce. Ranar Talatar an yi rana mai zafi irin ta ƙarshen damina. Malam ya ɗora tafin hannu a bayan jirgin ya ji ya yi zau, ya ce injin nan zai tafasa. Akwai ɗan murfi a sama inda batir da wayoyi suke, wanda Ramla ta sha ja masa kunne a rufe shi ruf. Amma direba direba ne. Duk wanda ya bi hanyar Maraɗi da bazara ya san ana ɗaga bonet kaɗan don inji ya sha iska. Sai ya ɗaga murfin, ya tokare shi da ɗan guntun kara, ya tura jirgi ruwa yana mai gamsuwa da dabararsa.

Allah sarki, ranar ce kuma ya iya. Ya kai ƙetare, ya juya. Ya yanka dama, ya sake kwana ya yanka hagu, jirgin na matsowa, yana matsowa, Hajiya ta miƙe tsaye ba ta sani ba. Yana tsakiyar ruwa wata iska ta taso ta kwantar da shi gefe, abin da ya saba yi ya tashi. Wannan karon ya tashi da ruwa a ciki. Ya ce zii. Ya ce zi. Daga nan tsit. Malam ya danna dama, ya danna hagu, ya ɗaga rimot sama da kai, ya bubbuga shi a cinya, ya matsa har ruwa ya jiƙa masa takalmi. Ba ya iya iyo, ba ya iya gudu, ba kowa kusa sai Hajiya da agwagi. Haka suka tsaya su biyu suna kallo dalmar nan tana jan shi ƙasa sannu a hankali, har ya rage kan sandarsa kaɗai a waje.

Marigayin ya bar rimot ɗaya da ransa amma ba mai amsa masa, da caja, da kwalinsa a kan durowa. Ya bar Ramla, wadda da ta ji labarin guntun karan ta ce ai sai da ta faɗa. Ya bar Hajiya Furera, da Malam Muttaka da har yau bai yarda murfin ne ba.

Game da jana'iza, ba a sa rana ba, domin gawa na ƙasan ruwa. Washegari Hajiya ta zaci mijinta zai koma ɗaki ya juya baya. La'asar na yi sai ga shi da sanda. Ya ja ƙafa har bakin kududdufi, ya karyo ganyen darbejiya ya jera a gaɓa yadda ake yi wa motar da ta lalace a titi, ya zauna. Da ta tambaye shi, abin da ya ce ke nan: “Direba ba ya baro mota a hanya, Hajiya.”

Saboda haka za a ci gaba da karɓar gaisuwa a nan bakin ruwa, kullum daga la'asar zuwa magariba. Mai zuwa ya taho da tabarmarsa. Iyali na godiya ga samarin unguwa da suka ce za su shiga su ciro shi, amma Hajiya na roƙonsu don girman Allah su bar shi inda yake, kada kuma su gaya wa Malam ta roƙa. Ruwan na raguwa kullum, sandar jirgin na ƙara fitowa, ita kuwa ba ta san abin da za ta yi ba ranar da ya ƙafe.